Tawadar da Ta Ƙi Wankuwa

Jikokina idan alƙalaminsu ya daina rubutu sai su yar, su miƙa hannu a ba su wani. Ni kuwa haushi ya ishe ni in yi ta faɗa, su yi ta dariya suna cewa tsohuwa ta fara. To bari yau in faɗi mafarin faɗan nawa, wataƙila sa sarara min.

Shekarata tara ko goma a lokacin, ba wanda ya rubuta balle a yi gardama. Muna zaune a wani ɗan ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, gidajenmu ba su fi ashirin ba, duwatsu sun tokare mu ta gabas. Zamanin En'e ne, lokacin da in hakimi ya yi tari sai dagaci ya kwana da mura. Babanmu manomi ne mai 'yan shanu, irin Fulanin nan da suka ɗauki fartanya amma ba su ajiye sanda ba. Innarmu kuwa daga Kazaure aka kawo ta, 'yar gidan malamai ce, ta yi sauka tun kafin aure. Akwai kuma Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ni da ita ba ma minti guda ba mu tsokani juna ba.

Malami ɗaya ne a ƙauyenmu, shi ma a wannan shekarar ya ɗaura niyyar aikin hajji a ƙasa, ya kwashi iyalinsa ya yi gabas. Ya tara allunanmu a zaurensa ya ce in wani malamin ya zo ya same su. Malami bai zo ba, gara ta zo. Ran da aka buɗe zauren, abin da ya rage na allona bai fi tafin hannu ba. Mu yara muka yi ta murna, an huta.

Ashe ni murnar tawa ba mai nisa ba ce. Ruwan shuka na sauka, sai ga Kawu a kan kekensa, yayan Inna, malami mai ɗalibai a Kazaure. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a wurinmu ɗan fari na dangi ne. Tun ranar sunana Baba ya ce wa Kawu, taka ce, duk ran da ka so ka zo ka ɗauka. Na sha jin wannan magana, na ɗauka irin maganar manya ce da ake yi a tashi a bar ta a wurin.

Na kawo masa fura ke nan a tsakar gida, ya dube ni ya ce in karanta masa inda na tsaya. Na buɗe baki, karatu ya ce nemi ni inda kika ajiye. Wata huɗu ban taɓa allo ba.

Kawu ya ajiye ludayi ya dubi Inna. "Kin gani ko? Jikar gidanmu ce wannan. Zan tafi da ita, a can ga allo ga malami."

Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, don shi ya yi alkawari, kuma suruki ne ke magana. Na dubi Inna. Ita kuwa ba ta da bakin cewa a'a. Uwa ba ta nuna son ɗan fari, ba ta tsaya masa, ko kuka yake yi a gaban mutane sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Wadda duk ta yi akasin haka, to ta bar wa kanta abin faɗa har ta tsufa. Inna kuwa ta fi kowa riƙe wannan kunya, don kada a ce 'yar birni ba ta san al'ada ba.

Ta daɗe tana kaɗa zarenta, sannan ta ce a hankali, "Yaya, ai karatun ko a gida a iya yin sa."

"Wa zai koya mata?"

"Abin da kuka koya min bai zube ba."

Kawu ya yi dariya. "Da me? Ina allon? Ina tawadar? Ko karan rubutu ban gani ba a gidan nan."

"A samu."

"To, madalla. In an yanke gero zan dawo in gani, sai mu san abin da ya kamata."

Yana hawa kekensa na zaga bayan rumbu na sha kukana. Ba na son Kazaure. Na taɓa zuwa sau ɗaya, gida ne babba mai katanga, ba saniya, ba Kaka, kowa magana yake ƙasa-ƙasa. Da na dawo idona jawur, Inna ba ta ko dube ni ba. Cewa kawai ta yi, "Ke, gobe da sassafe ki tashi, muna da aiki."

Allo aka fara nema. Baba zai kai bijimi kasuwar Babura, Inna ta roƙe shi ya sayo. Kwana uku muna zuba ido. Ya dawo da gishiri, da kanwa, da labarin yadda wani dillali ya so ya yi masa wayo, da wani ɗan kurtu na zuba tawada mai murfin fata. Allo fa? Ya ce masu sayarwa duk sun tafi gona, damina ce. Kaka ta karɓi kurtun ta juya shi ta ce, "Sannu da ƙoƙari. An aike ka sayen doki ka dawo da linzami."

Sai Inna ta tuna da masassaƙin ƙauyenmu, wani dattijo mai raha wanda ke sassaƙa turmi da taɓarya da ƙotar fartanya. Ni da Kaka aka aika. Ya ce shi tun da yake bai taɓa sassaƙa allo ba, kuma ba zai fara wasa da kayan malamai da furfura a kansa ba. Kaka ta zauna a kan wani turmi da bai gama ba, ta ce to ita ma ba za ta tashi ba, a kawo mata abincin rana. Da ya ga da gaske take, ya ce a kawo masa fasali. Inna ta yanka siffar allo a jikin wata tsohuwar tabarma, da kai da kafaɗu da komai, na kai masa. Aka yi sa'a iska ta karya reshen wata aduwa a bakin rafi, da shi ya yi aikin. Ladansa ƙwaryar kindirmo kullum har ya gama, shi ya sa nake zargin ya ja aikin ya kai mako biyu.

Allon da ya fito, kai, sai wanda ya gani. Kansa ya karkace gefe guda kamar mai jin kunya, ɓari ɗaya da kauri, ɗayan kuwa har kana jin tsoron riƙewa. Da itacen ya fara bushewa kuma ya yi 'yar tsaga daga ƙasa. Kaka ta ce muciya ce aka taka. Ni dai na rungume abina, ranar ko wajen tatsar nono da shi na je.

Alƙalami kuma da karan gamba ake yi, busasshe. Ina za ka samu busasshiyar gamba ana tsakiyar ruwa? Inna ta tsaya tana kallon zanan da ya kewaye gidanmu, wanda Baba ya saƙa da rani. Ta ce in zaro ɗaya, mai kauri, daga can ƙasa inda ba za a lura ba. Ta fiƙe shi da askar Baba, ta tsaga bakinsa kaɗan. Matsalar ita ce hannuna nauyi gare shi, kullum sai na karya biyu ko uku. Kullum kuma sai na koma wurin zana. Kafin wata guda akuyar maƙwabta ta samu ƙofa, ta shigo ta cinye rabin kuɓewar Inna. Baba ya tsaya a gaban ramin yana salati, ga askarsa kuma ta dakushe ta ƙi cin gashi. Ya ce, "Wannan karatu naku, gidan zai cinye ko me?" Amma da yamma sai ga shi da ɗaurin tsohuwar gamba da ya roƙo a wani gida, ya jefa min ya wuce.

Saura tawada. Inna ta kifa tukunyar tuwo ta sa ni kankare baƙin da ke gindinta, muka niƙa shi lukui. Sai an sa ƙaro kafin ya kama jikin allo, ƙaro kuwa da rani itace ke fitar da shi. Muka zaga gida-gida ba a samu ba. Ashe Kaka na da shi a ƙulle cikin tsumma a ƙasan gadonta, tana jin mu tana shiru. Sai da na yi mata tsifa da kitso, na kuma amsa cewa ta fi ni kyau, sannan ta fito da shi. Aka jiƙa, aka dama, aka tace da ƙyalle, aka ɗura a kurtun Baba. Shi kuwa ya yi ta yawo yana cewa da bai sayo kurtu ba da a ina za a zuba.

Tawadar ba ta yi baƙi sosai ba, toka-toka ce, tana ƙaurin hayaƙi. Amma tana rubutu, kuma ruwa na taɓa ta take fita, abin da ake so ke nan. Haka tsarin yake: a rubuta maka karatu, ka biya har ya zauna a ka, ka kawo hadda, sannan a ce je ka wanke. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi ko'ina, a ƙwarya ake tara shi a sha. Wanke allo shi ne ci gaba. Duk wanda aka ga allonsa da rubutu ɗaya kwana da kwanaki, an san kansa ya ƙi ja.

Littafi kuwa babu ko ɗaya a gidan, a kan Inna yake. Da hantsi in an gama tatsa da daka, sai ta shimfiɗa buzu a inuwar rumbu, ta ɗora allon a gwiwa ta rubuta, ba ta ko tsayawa tunani. Ta biya in bi. In na yi daidai ba ta cewa madalla, sai dai ta ce, "Wuce." In na yi kuskure kuwa da karan rubutun take ƙwanƙwasa min goshi. Ni kuma tsoron keken Kawu ya sa kaina ya buɗe, har ina kiwon maruƙa ina tilawa. Kafin gero ya fitar da kai na maido duk abin da ya zube, na ƙara da surori masu yawa a kai, ta kuma fara barina ina kwaikwayon rubutunta a ƙasan allon.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Kaka a rai, kalar tawadar. Kullum ta wuce sai ta leƙa ta taɓe baki. "Wannan ai ruwan wanke tukunya ne. Haka malamin birni zai zo ya gani, ya ce mu ƙauyawa ko baƙi ba mu iya ba?" Kaka gwanar saƙar faifai ce, kuma ita ke rina kabarta da kanta. Baƙin faifanta har daga Roni ake zuwa nema, ya shekara goma bai koɗe ba.

Ana nan sai saƙo ya zo ta bakin wani mai tallan goro, Kawu ya ce a saurare shi Juma'a ta sama. A wannan makon kuma wata 'yar uwar Inna ta haihu a Gwiwa, dole ta je barka ta kwana biyu. Kafin ta tafi ta karɓi haddata, ta sa na wanke allon, ta jingine shi a ɗaki ta ce in ta dawo za ta rubuta min sabon karatu wanda Kawu zai tarar.

Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba Kaka ta yafito ni. "Zo nan, ƙawata. Yau za ki ga tawada."

Ta ɗebo bagaruwa ta daka, ta aike ni maƙera na roƙo kashin maƙera, wato dattin ƙarfen nan da ke taruwa a murhunsu. Ta haɗa a tukunyar rininta ta dafa, ta bar shi ya kwana. Da safe ta tace, ta sa sauran ƙaron. Wayyo, ba ku ga baƙi ba! Har sheƙi yake yi. Na tsoma kara na ja layi a bayan hannuna, na yi tsalle na ce, "Tsohuwa, ashe kina da amfani!" Ta ce, "Ja can, uwarki ma albarkacina take ci."

Nan fa na ce bari in ba Inna mamaki. Na ɗauko allon na zauna. Ban yarda da kaina a kan sababbin surorin ba, don haka na zaɓi 'yan gajerun nan na farko da kowane yaro ke farawa da su. Na rubuta da hannuna, manya-manyan baƙaƙe, layi yana hawa yana gangara. Da fuska ɗaya ta cika daɗi ya ɗebe ni, na juya na cika ɗayar. Kaka ba ta iya karatu ba, amma ta ɗaga allon sama ta ce ko alƙalin Kazaure albarka. Muka shanya shi a rana wuni guda don ya kama da kyau.

Inna ta dawo washegari da la'asar. Tun kafin ta sauke kayanta na tare ta da allon. Ta karɓa ta duba, ta kai hanci ta sunsuna, ta lashi yatsa ta goga a kan wani baƙi. Ko gezau.

"Me aka sa a ciki?"

Kaka ta amsa daga bakin ɗakinta, da alfahari. "Bagaruwa da kashin maƙera. Yanzu kika ga tawada."

Inna ta zauna a kan turmi da mayafinta a ka. Ba ta yi faɗa ba, ai ba ta isa ta yi wa uwar miji faɗa ba, ni ma ko harara ba ta yi min ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce, murya ƙasa, "Wannan ta takarda ce. Ita malamai ke rubuta littafi da ita don kada ya goge. Ba a sa ta a allo."

Kaka ta ce, "To a wanke mana."

Aka kawo ruwa, aka wanke. Aka sa ruwan zafi. Aka sa toka, aka sa tsamiya, iyakaci baƙin ya ɗan yi ja-ja, amma kowane harafi na nan daram, ya shige cikin itacen. Baba ya ce a kai wa masassaƙi ya kankare, aka je aka tarar ya tafi ƙauyuka sayar da turame, girbi ya zo. Ya ce to shi zai kankare da wuƙa. Inna ta nuna masa ɓarin nan mai sirantaka da tsagar da ke ƙasa, ta ce wuƙa na shiga zai rabe biyu. Sannan ta sake duba rubutun nawa ta ce, "Ga shi kuma kin tsallake aya guda."

Sai a lokacin na gane girman ɓarnar. Kwana takwas ya rage. Ba inda za a rubuta min sabon karatu. Kuma abin da Kawu zai tarar shi ne allo mai karatun 'yan farawa, da karkataccen rubutu, da aya a tsallake, kamar wata biyar ɗin nan a wuri ɗaya nake tsaye. Na dubi Inna. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

Kaka ta shige ɗaki, ba a sake jin bakinta ba har washegari, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidanmu. Da hantsi ta fito rungume da babbar ƙwaryarta. Wannan ƙwarya tun ta aurenta ce, fara sol, a saman jere take zama, ko nono ba a zubawa a ciki sai ranar salla. Na taɓa shan dundu don kawai na taɓa ta. Ta kife ta a gaban Inna ta ce, "Bayanta sumul yake. Gwada ruwan wanke tukunyar taki a nan."

Inna ta ce, "Haba, wannan ƙwaryar?"

"Ni na ɓata, ni zan gyara. Rubuta kawai, kada ki sa in fasa."

Muka sake kankare gindin tukunya, aka kalato ɗan ƙaron da ya maƙale a tsumma. Inna ta gwada, rubutu ya zauna, ta sa ruwa ya fita tas. Sai dai ƙwarya ba allo ba ce, layi zagayawa yake yi. Inna ta fara daga sama ta yi ta juyawa har ƙasa, ni kuma in zan biya sai in kife ta a kan faifai in yi ta zagaya ta da gwiwa. Ƙannena suna bina a baya suna dariya, Baba ya ce yau ga karatu da hajijiya. A kwanakin da suka rage sau huɗu na wanke ƙwarya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji ƙararrawar keke. Aka shimfiɗa wa Kawu tabarma a inuwa, ya sha ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "To, ina allon?"

Inna ta ce in kawo duka biyun. Ba ta yarda a ɓoye komai ba.

Ya fara ɗaukar allon. Ya dubi karkataccen kan, ya dubi rubutun, ya ɗaga gira. Ya kankara da farce. "Wa ya haɗa wannan tawada?"

Kaka ta gyara zama. "Ni ce. In faɗa ne a yi da ni."

"Faɗa? Iya, ai ni shekara nawa ina neman mai haɗa min irin wannan! Tawa kullum sai ta koɗe. Sai dai kin sa ta inda ba gidanta ba." Da aka ba shi labari ya yi dariya har rawaninsa ya goce, da ya ga ƙwaryar kuwa sai da ya share hawaye. Ya ce shi dai ya ga karatu a allo, ya gani a takarda, amma bai taɓa ganin wanda ake bi da gwiwa ba.

Ya ce in karanta. Na durƙusa na zagaya ƙwaryata tun daga sama har ƙasa ban yi tuntuɓe ba. Ya rufe ta da mayafinsa ya ce in kawo da ka. Na kawo. Ya ja ni baya, ya ɗauko daga tsakiyar wata sura, na ƙarasa. Ya nuna allon ya ce akwai abin da ya ɓace a nan, mene ne? Na faɗi ayar da na tsallake. Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce shi ke nan, mun tsira.

Sai ya juya wurin Baba. "Alhamdu lillahi. Ƙanwata ta yi ƙoƙari, ban zaci haka ba. Amma kai ma ka gani. Yarinya mai kai irin wannan ba a bar ta tana karatu a bayan ƙwarya ba. A can ga littattafai, ga takarda. A haɗa mata kayanta, gobe da safe mu wuce."

Ashe duk wahalar nan kaina na yi wa tarko. Baba ya ce, "To, Malam," ya sunkuyar da kai. Na juya wurin Kaka, ita da ba a gama magana ba ta sa baki, sai na ga ta ɓare goro ta jefa a baki tana kallon sama. Daga baya ta rantse min da gangan ta yi, ta ce maganar ba tata ba ce.

Inna tana zaune a gefe, bayanta jingine da rumbu, kanta a ƙasa. Ni na riga na fara hawaye.

"Yaya."

Kowa ya juya.

Ba ta ɗago ba. "Yaya, a bar min ita."

Kawu ya ce, "Me kika ce?"

Sai ta ɗago, a gaban mijinta, a gaban uwar mijinta, ga matan maƙwabta biyu sun leƙo ta ramin zana. Ta faɗa yadda kowa zai ji. "Allo zan sake nema. Takarda in ka ba ni na gode, in babu ƙwarya ta isa. Abin da na sani duk zan ba ta, in ya ƙare ni da kaina zan aiko maka. Amma yanzu ba zan iya ba. In ta tafi ba zan iya ba."

Kaka ta tofar da goronta ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Jama'a ku zo ku ga marar kunya! A gabana, a gidana, 'yar birni ta ce tana son 'yar fari!" Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Kawu ya dubi ƙanwarsa. Ya ce, "Wata biyar kina wahalar da mutane da itace da tukunya, ashe maganar ke nan. Da kin faɗa tun ranar ai da ban sake hawo duwatsun nan ba." Ya jawo gafakarsa ya zaro takarda uku ya ajiye a kan tabarma, ya ce Iya ta cika masa kurtu da tawadar nan, shi ke nan an yi musaya.

Inna ta tashi da sauri ta shige ɗaki, ta ja asabari. Na bi ta. Na same ta tsaye ta ba ƙofa baya, ta rufe fuska da mayafi. Na matsa na jingina kaina a bayanta. Na jira ta ce in ba ta wuri, kamar kullum. Ba ta ce ba. Ta miƙo hannu ta baya ta riƙe nawa, ta matse har sai da na ji zafi, muka tsaya a haka muna jin Kaka a waje tana ba matan maƙwabta labari tun daga farko.